Yadda Muka Yi Saɓani da Cunkoso a Gaɓar Tekun Ostireliya

Hanyar da ake kira Great Ocean Road, a kudancin jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, tsawonta kilomita 243 ne. Ta taso daga garin Torquay, ta ƙare a Allansford, dab da Warrnambool. Miliyoyin mutane ne ke bin ta duk shekara, sai dai in ka lura da kyau, yawancinsu ta fuska ɗaya suke bin ta, kuma a kan agogo ɗaya, saboda a birnin Melbon suke kwana. Motocin safa na 'yan yawon buɗe ido kan bar birnin da misalin bakwai zuwa takwas na safe, su tsaya shan shayi a wajejen Torquay ko Anglesea, a sauka a ɗauki hoto a ƙofar tunawa da sojoji, a leƙa koala, wata 'yar dabba mai zama a kan bishiya, a Kennett River, a ci abincin rana a Apollo Bay, sannan da la'asar a juye kowa da kowa a gaban duwatsun nan da suka yi suna, Twelve Apostles, wato Manzanni Goma Sha Biyu. Daga nan sai a yanke ta cikin ƙasa, a koma Melbon da dare. Awa goma sha biyu ko fiye, kuma rabinta ko sama da haka a zaune a kujera.

Ƙanena da ke karatu a Melbon ya taɓa bin irin wannan safa, kuma ya ce abin da ya fi gani a ranar shi ne ƙeyar mutane. "Yaya, in dai haka za mu je, gara ka zauna a ɗaki ka kalli hoton a waya," in ji shi. Shi ya kawo shawarar mu yi hayar ƙaramar mota mu bi hanyar ta baya: mu yanke ta cikin ƙasa tun da rana, mu kwana kusa da duwatsun, sannan mu dawo ta gaɓar teku muna fuskantar gabas, a lokacin da kowa ke fuskantar yamma.

Lokacin da muka zaɓa ma da gangan ne. A can yanayi a juye yake: Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin zafi da dogon hutun makarantu, sa'ilin da garuruwan bakin teku ke cika har su batse, masauki ya yi wuya, wurin ajiye mota ya zama abin faɗa. Hutun Ista ma haka. Mu a watan Mayu muka tafi, tsakiyar mako, sanyi ya fara shigowa, yara sun koma makaranta. Rana gajeriya ce a wannan wata, ba ta fitowa sai bayan bakwai, kuma kafin biyar da rabi ta faɗi. Ga mai son ganin fitowarta wannan alheri ne, don ba sai ya hana idonsa barci ba.

Hanyar cikin ƙasa ba ta da wani abin ba da labari. Daga Melbon ka bi ta Geelong, ka kama babbar hanyar Princes zuwa Colac, ka karkata kudu ta cikin gonakin shanun madara. Kimanin awa uku. Abin da kawai muka kiyaye shi ne isa kafin duhu, don da magariba da asuba kangaru da ɗan'uwansa walabi ke fitowa kiwo a gefen titi, kuma ba sa neman izini kafin su tsallaka. Gawarwakinsu da muka riƙa wucewa a gefen kwalta sun ishe mu gargaɗi. Port Campbell, inda muka sauka, ƙaramin gari ne na mutum 'yan ɗaruruwa, a bakin wani lungun ruwa da tsaunuka suka kare shi daga haukan teku. Tsakaninsa da Twelve Apostles bai fi kilomita 12 ba. Wannan 'yar tazarar ita ce jarin tafiyar gaba ɗaya.

Da asuba muka fita, da sauran duhu. Filin ajiye motocin yana can tsallaken titi, ta ɓangaren tudu, sai ka bi wata 'yar hanya ta ƙarƙashin kwalta ka ɓullo kan dandamalin kallo. Girman filin kaɗai ya isa ya gaya maka yawan jama'ar da aka yi shi dominsu, amma a wannan sa'a motocin da ke ciki ba su cika yatsun hannu ba. Na ce da ƙanena ashe mu ne na farko. Muna isa dandamali muka tarar da wasu masu ɗaukar hoto sun riga sun kafa kyamarorinsu a kan ƙafafu uku, sun dunƙule cikin rigunan sanyi, ga alama sun daɗe. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kana sammako wani a tafe ya kwana." Sai dai irin waɗannan ba su da damuwa. Ba sa magana, ba sa ture kowa, kowa idonsa na kan ruwa.

Duwatsun ragowar gaɓa ne. Tsaunin wurin na farar ƙasa ne mai laushi, wanda ya taru a ƙarƙashin teku miliyoyin shekaru da suka shuɗe. Igiyar ruwa kan ci gindinsa ta yi kogo, kogon ya huje ya zama baka, bakan ya rufta, sai a bar ginshiƙi tsaye shi kaɗai a cikin ruwa, wani ya kai mita 45. Teku na cin gindin nasu da kimanin santimita 2 a shekara. Ba su kai goma sha biyun da sunan ya ce ba, kuma raguwa suke yi: a watan Yuli na 2005 wani mai tsayin mita 50 ya zube cikin 'yan daƙiƙoƙi a gaban masu kallo, tarin ɓaraguzansa na nan a bakin ruwa. Daga wannan gaɓa in ka miƙe kudu ba ka sake taka ƙasa sai Antatika, shi ya sa igiyar ke isowa da dukkan ƙarfinta.

Akwai abin da safiya ta fi yamma da shi a nan, ban da ƙarancin mutane. Yawancin ginshiƙan suna yamma da dandamalin. Da yamma rana na bayansu, sai su zama baƙaƙen inuwoyi, kana kare ido da hannu. Da safe kuwa rana na bayanka, haskenta ya sauka a fuskarsu, ka ga launin ya tashi daga toka-toka zuwa ja-ja zuwa ruwan zuma, ka ga layi-layin da ke jikin dutsen ɗaya bayan ɗaya. Mun tsaya har yatsu suka ƙage. Daga nan muka gangara Gibson Steps, matakala 86 da aka sassaƙa a jikin tsauni, muka sauka kan rairayi. Sai daga ƙasa mutum ke gane girman abin, tsauni mai kusan mita 70 a bayanka, ga wasu ginshiƙai biyu a cikin ruwa da ake kira Gog da Magog. Ba kowace rana ake samun sauka ba, in teku ya cika ko aka ji tsoron zubowar duwatsu sai a rufe matakalar.

Muna hawowa muka ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu. A bayan filin motocin ake tashinsu, suna zagayawa da masu kuɗin kallo daga sama, kuma da zarar sun fara ba sa tsayawa sai yamma. Ba da jimawa ba safa ta farko ta shigo. Kamfanonin yawon ma sun gano dabarar bin hanya ta baya, wasunsu yanzu ta Colac suke fara zuwa, su iso da hantsi. Saboda haka wanda ya taso daga Melbon da safe yana ganin ya yi wayo, tare da su zai iso. Sa'o'in da babu kowa su ne na kafin hantsi, kuma ba mai samunsu sai wanda ya kwana a kusa.

'Yan kilomitoci kaɗan yamma akwai Loch Ard Gorge, wani tsagi da teku ya yi a cikin tsauni, mai ƙunƙuntar ƙofa da ɗan rairayi a ciki. Sunan wani jirgin ruwa ne da ya taso daga Ingila zai je Melbon, ya yi wata uku a teku, saura kaɗan ya isa, sai ya daki tsibirin Mutton Bird cikin hazo da asubahin 1 ga Yuni, 1878. Mutum 54 ne a ciki, biyu suka tsira: Tom Pearce, yaron jirgi mai koyon aiki, da Eva Carmichael, wata budurwa 'yar Ailan da ta rasa iyayenta da 'yan'uwanta a wannan dare. Ruwa ya fara jefo Tom cikin tsagin, ya ji ihunta, ya koma ya jawo ta, sannan ya hau tsaunin ya nemo taimako. Jama'ar lokacin sun so a ce sun yi aure. Ba su yi ba. Ta koma ƙasarsu, shi kuma ya koma teku.

A nan na fahimci wani abu game da cunkoso wanda ya yi mana amfani har ƙarshen tafiyar. Direban safa mintoci ƙididdigaggu yake ba fasinjojinsa, kuma kowa na tsoron a tafi a bar shi. Don haka ba mai yin nisa. Dandamalin da ya fi kusa da filin motoci a cike yake, na biye da shi da sauƙi, na uku kuwa sai ka ga mutum ɗaya ko biyu. Muka bi 'yar hanyar da ta wuce maƙabartar da aka binne 'yan gawarwakin da teku ya mayar, muka wuce wani kogo da ruwa ke shiga yana ruri, muka gangara har inda kogin Sherbrook ke shiga teku. Tafiyar ba ta taka kara ta karya ba, amma ba mu tarar da kowa ba sai wani dattijo da matarsa zaune a kan dutse da butar shayinsu. A wurin igiyar ruwa ke dukan wani shimfiɗaɗɗen dutse ta tashi sama ta fi gida tsawo. Ni dai a ganina ya fi tsagin da kowa ke rububi ban tsoro da ban sha'awa, kuma tsakaninsu bai fi tafiyar minti ashirin ba.

Da rana ta take, lokacin da ayarin ke tunkaro duwatsun, mu sai muka yi yamma. Yawancin motocin safa daga Loch Ard ko Port Campbell suke juyawa, ƙalilan ne ke ƙarasawa London Bridge. Wannan dutse da yana da baka biyu, a haɗe da gaɓa, mutane na takawa har ƙarshensa. Ranar 15 ga Janairu, 1990, bakan da ke manne da gaɓa ya rufta, ya bar mutum biyu tsaye a kan abin da ya zama tsibiri nan take, sai da jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke su. Ba wanda ya ji rauni. Tun da na ji wannan labari na daina ganin shingayen da aka kakkafa a bakin tsaunukan a matsayin takura. Mai gudun jama'a yakan ji sha'awar tsallake shinge don ya samu wurin da ba kowa, alhali ƙasar da zai taka ɗin ta yiwu rufin kogo ce.

Bayan garin Peterborough akwai Bay of Martyrs da Bay of Islands. In da za a tambaye ni, nan ne wurin da aka fi zalunta a duk hanyar. Ginshiƙai ne birjik a cikin ruwa, sun fi na Twelve Apostles yawa, ba su kai su tsayi ba amma sun fi su bazuwa, ido ba ya iya kwashe su a kallo ɗaya. Laifinsu kawai shi ne sun yi wa mai komawa Melbon a ranar nisa da rabin awa, kuma ba su samu suna mai shiga kai ba. Mun ci abincinmu a nan cikin mota, don iska ba ta bari a buɗe leda a waje.

Warrnambool muka leƙa a gurguje. A gidan tarihin Flagstaff Hill akwai wani ɗawisu na tangaran, mai tsayi kusan na mutum, wanda ke cikin kayan jirgin Loch Ard, ruwa ya fito da shi cikin akwatinsa kusan lafiya lau. A Tower Hill kuma, bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu, jiminar ƙasar da ake kira emu na yawo tsakanin motoci ba ruwanta. Sai dai watan Mayu ya karɓi harajinsa. Manyan dabbobin tekun nan, wel, da ke zuwa haihuwa a Logans Beach, sai cikin hunturu suke isowa, daga wajen Yuni zuwa Satumba, mun riga su. Tsuntsayen da ke cika tsibirin Mutton Bird da magariba kuma tun Afrilu suka kama hanyar arewacin tekun Fasifik, sun riga mu. Lokacin da jama'a suka yi ƙaranci, wani abin kallon ma yakan yi ƙaranci, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya sayi tikiti.

A hanyar dawowa ƙanena ya dage sai mun sake tsayawa a Twelve Apostles. "Don Allah Yaya, ka ga abin da na gani, in ba haka ba za ka ce ƙari nake yi." Ba ƙari yake ba. Filin nan da muka bari fayau ya cika da safa jere-jere, 'yar hanyar ƙarƙashin titi kamar ranar kasuwa, harsuna iri-iri na tashi, kowa ya ɗaga waya sama da kansa. Amma ban ji haushin kowa ba, kuma ba na son irin matafiyin da ke yatsina fuska yana kiran wasu 'yan yawon buɗe ido, sai ka ce shi a wurin aka yanke masa cibiya. Na ga wata tsohuwa a keken guragu jikanta na tura ta, na ga iyali da suka taso daga wata nahiya, rana ɗaya tak suke da ita. Wanda ba ya tuƙi, ko ba shi da halin kwana a hanya, safa ce gatansa. Mu ma da motarmu ɗaya muka ƙara wa filin. Bambancinmu da su bai wuce mun samu sukunin zaɓen lokaci ba.

Faɗuwar rana ma ba ta da sauƙin jama'a, don akwai motocin da musamman dominta suke zuwa. Amma rana na nutsewa sai ka ga an watse gaba ɗaya, kowa na sauri ya kama kujerarsa. Wanda ya daure wa sanyi ya ƙara minti ashirin zai ga abin da suka bari: ƙananan tsuntsayen fengwin, irin da ba su fi tsayin kwalba ba, suna fitowa daga ruwa rukuni-rukuni, su yi tsaye-tsaye a bakin kumfa, sannan su ruga a guje zuwa ramukansu a gindin tsauni. Daga sama ake hango su, da nisa sosai, in ba ka da madubin hangen nesa ɗige-ɗige kawai za ka gani suna motsi. Ba hanyar sauka rairayin, shi ya sa suka zauna lafiya.

Da muka juya gabas, wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Wreck Beach, a Moonlight Head. Sai ka bar kwalta ka bi hanyar burji, sannan ka sauka matakala sama da 350. Waɗannan biyun sun isa su tace jama'a, ba safar da za ta shiga, ba mai sauri da zai sauka. A ƙasa, in teku ya janye, za ka ga angar jirage biyu a kafe cikin dutse sun yi tsatsa: ta Marie Gabrielle da ya nutse a 1869, da ta Fiji da ya nutse a 1891. Sharaɗin shi ne ka duba jadawalin cikar teku da janyewarsa kafin ka sauka, don in ya cika ruwa har gindin tsauni yake kaiwa. Mu mun daidaita tafiyar da janyewarsa, muka yi ta yawo ba sawun kowa sai namu. Hawowa kuwa, kada a tambaye ni. Ƙanena na gaba yana ƙirga matakala da ƙarfi don tsokana, ni ina baya ina neman numfashi.

Ya kamata in faɗi wani abu a kan irin waɗannan rairayi. Kaɗaicin da ke sa su daɗi shi ne haɗarinsu. A Ostireliya ƙa'idar ita ce a yi iyo tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, inda masu ceto ke tsaro, kuma a watan Mayu, a irin wannan lungu, ba tuta ba mai ceto. Akwai jan ruwa da ke fizgar mutum daga bakin gaɓa ya yi ciki da shi, kuma sau da yawa inda ruwan ya fi kwanciya a ido nan ne yake. Waya ma ba ko'ina take samun sabis ba. Ko ƙafa ba mu tsoma ba, kuma ba mu juya wa teku baya ba.

Daga nan hanya kan rabu da teku ta shiga dajin Otway, mai dogayen itatuwan turare da danshi ko da yaushe. Mun ratse kilomita 12 zuwa Cape Otway, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take tun 1848, wadda ta fi kowace daɗewa cikin waɗanda suka rage a babban yankin ƙasar. Jiragen da suka taso daga Turai sai sun kutsa tsakanin wannan tsini da tsibirin King kafin su shiga mashigin Bass, bayan watanni ba su ga ƙasa ba, kuma da yawa a nan lissafinsu ya kuskure. A gefen hanyar za ka ga itatuwa farare ƙwal, matattu a tsaye. Koala ne suka yi yawa a wani lokaci, suka cinye ganyen har itatuwan suka bushe.

Apollo Bay mun shiga cikinta ne bayan masu abincin rana sun tashi, muka tarar da gari ya koma hannun masu shi, masu shaguna na share ƙofa. A nan muka kwana, muka sha mai, don gidajen mai a wannan yanki ba su da yawa kuma wasu da wuri suke rufewa.

Yanzu ga inda dabararmu ta ci mu tara. A Ostireliya ta hagu ake tuƙi. Mai tafiya yamma daga Torquay shi ke hannun teku, ba abin da ya raba shi da ruwa sai ɗan shinge, kuma wuraren ratsewa a tsaya kallo duk a gefensa suke. Mu da ke tafiya gabas muna hannun tsauni. Tsakanin Apollo Bay da Lorne, inda hanyar ta fi kyau, inda take manne da dutse tana lanƙwasa kwana bayan kwana, duk sanda muka so tsayawa sai mun tsallaka hannun masu zuwa, kuma a kan kwana ba kowane lokaci hakan ke yiwuwa ba. Wurare da dama haka muka wuce su muna kallo. Abin da ya rage mana asara shi ne fitowar sassafe, kafin ayarin Melbon ya iso, lokacin titin kusan namu ne. Jefi-jefi za ka ga allo na tuna wa direba cewa ta hagu ake tuƙi a ƙasar, saboda baƙin da kan tashi daga wurin hutawa su hau hannun da suka saba da shi a gida. Ganin allon kan sa ka ƙara riƙe sitiyari da kyau a kowace kwana.

Wannan yanki ne ke sa mutum ya tuna da waɗanda suka yi hanyar. Sojoji ne da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kimanin 3,000, suka fara aikin a Satumban 1919, da diga da shebur da baro da nakiya, suna kwana a tantuna, aka buɗe ta gaba ɗaya a Nuwamban 1932. An yi ta ne don tunawa da 'yan'uwansu da ba su dawo ba, kuma don a haɗa garuruwan da a da sai ta jirgin ruwa ko ta cikin daji ake isa gare su. Howard Hitchcock, magajin garin Geelong, wanda ya jagoranci tara kuɗin aikin, ya rasu 'yan watanni kafin buɗewar. Har zuwa 1936 sai an biya kuɗi ake wucewa. Akwai labarin da mutanen yankin ke jin daɗin bayarwa, cewa a 1924 wani jirgi mai suna Casino ya maƙale kusa da Cape Patton, aka zubar da ganga 500 ta giya don ya yi sauƙi, ma'aikatan hanya suka tsince su, aiki ya tsaya cik na mako biyu.

A Kennett River mun iso kafin motocin farko, amma ko da mun tarar da su, maganin ɗaya ne da na Loch Ard. Jama'a a bakin hanyar Grey River suke taruwa, kusa da inda ake ajiye motoci, inda aku masu launi suka saba sauka a kai da kafaɗar mutane saboda tsabar da ake ba su, abin da hukumomin kula da namun daji ke hanawa don yana cutar da tsuntsayen. Koala ɗaya in ya yi rashin sa'ar kwana a bishiyar da ke kusa, sai mutum hamsin su kewaye shi. Muka taka sama da ƙafa, muna ɗaga kai. Dabba ce mai barcin kusan awa ashirin a yini, don ganyen turaren da take ci ba shi da wani ƙarfi, saboda haka abin da za ka nema shi ne dunƙulen toka-toka a inda reshe ya rabu biyu. Da ido ya saba sai ka riƙa ganinsu a kai a kai. Ɗaya ya buɗe ido ya dube mu, ya ga ba mu da wani amfani, ya koma barcinsa.

Muna wuce Wye River, inda gobarar daji ta cinye gidaje kusan ɗari ranar Kirsimetin 2015, muka fara cin karo da su. Safa ta farko, ta biyu, sai ayari, da ƙananan motocin haya a tsakaninsu, duk sun nufi inda muka baro. A Lorne muka hau Teddy's Lookout, inda ake hango hanyar daga sama tana bin gindin tsauni a bakin kogin St George. A ƙofar tunawa da sojoji ta Eastern View, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 1983 ta ƙone ta da, mun tarar da layin masu jiran ɗaukar hoto, wasu har suna tsayawa a tsakiyar titi. Ƙanena ya rage gudu ya dube ni.

"Yaya, mu tsaya?"

Na ce ya wuce. Muka bar Bells Beach ma, inda ake gasar hawa igiyar ruwa duk lokacin Ista, muka ratse Point Addis da ke kusa da ita, muka zauna a kan tsauni muna kallon masu hawa igiyar su uku ko huɗu a can ƙasa cikin baƙaƙen kayansu. Da yunwa ta taso mu muka shiga Torquay, garin da kowa ke fara tafiyar daga gare shi, muka ci abinci, muka kama hanyar Geelong tun rana na sama, don mu shiga Melbon kafin ma'aikata su tashi daga aiki.